Gangar Shaman da Garayar Bori: Sharhi a Kan Wani Babi na Littafin Eliade

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan al'amari shi ne wata magana da na yi ta cin karo da ita a cikin takardun ɗalibai, har ma da waɗansu darussan da ake shiryawa a kwalejojin horon malamai. Maganar ita ce wai ɗan bori shi ne "shaman" na ƙasar Hausa. In mutum ya bi sawun kalmar nan daga wannan littafi zuwa wancan, galibi sai ya ga ta tuƙe ga mutum guda, watau Mircea Eliade, mutumin Romaniya, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Shikago har ya rasu a 1986. Littafinsa ya fara fitowa da Faransanci a 1951, aka juya shi da Ingilishi a 1964 da sunan Shamanism: Archaic Techniques of Ecstasy. Shi kansa bai ce bori shamanci ne ba, domin Afirka ma ya bar ta waje. Amma shi ne ya kwance kalmar daga turkenta ya sake ta a duniya, har ta zo tana kiwo a gonarmu. Saboda haka ya kamata mu san inda ta fito. Ba zan taɓa littafin duka ba, don yana da girma. Babi na biyar kaɗai zan duba, inda ya yi maganar tufafin shaman da gangarsa, kuma ko a nan ɗin gangar ce abin nufina.

Kalmar shaman ta mutanen Ebenki ce, waɗanda dā ake kira Tungus, mazauna dazuzzukan Siberiya ta gabas. Daga bakinsu ta shiga Rashanci, daga nan ta wuce sauran harsunan Turai a ƙarni na 17. A littafin da Nicolaes Witsen, mutumin Holan, ya buga a 1692 akwai hoton irin wannan mutum da ƙahoni a ka, yana kaɗa ganga. Maƙwabtan Ebenki kuwa kowa da sunan da yake kiran nasa: Sakha, watau Yakut, su ce oyun, mace kuwa udagan; Turkawan duwatsun Altai su ce kam; Buriyat su ce bo; Sami na arewacin Norwe da Suwidin da Finlan su ce noaidi. Mai karatu ya riƙe wannan, gama tun daga nan aka fara ɗura wa mutane da yawa suna guda, alhali kuwa harsunansu ma ba dangi ɗaya ba ne.

Ita gangar ba ta yi kama da wadda Bahaushe ke nufi in ya ce ganga ba. Tamu doguwa ce, fuska biyu, ana rataya ta a kafaɗa. Tasu fuska guda ce. Ice ne siriri ake tanƙwarawa ya zama da'ira ko siffar ƙwai, kamar bakin rariya, a rufe gefe guda da fata, a bar ɗaya gefen a buɗe, da mariƙi a gicciye inda hannun hagu zai kama. Faɗinta ya kan wuce kamu guda. A ciki a kan rataya 'yan ƙarafa da ƙararrawa, gular kuwa a naɗe ta da fata mai gashi, kuma kafin a fara kiɗa sai an gasa fuskar a bakin wuta don ta ɗame. In siffa kaɗai za a bi, abin da ya fi kusa da ita a wurinmu shi ne bandiri. Na ce siffa kaɗai, don kada wani ya ɗauka na haɗa aikinsu.

Mu fara da ba Eliade haƙƙinsa. A lokacin da ya yi rubutu, Turawa da yawa sun ɗauki shaman mai taɓin hankali ne, wai tsananin sanyi da duhun arewa ke juya masa ƙwaƙwalwa. Eliade ya tsaya a kan cewa mutum ne mai sana'a, wanda ya koyi abu, ya kuma iya sarrafa halin da yake shiga. Ya tattaro labaru da ke warwatse cikin Rashanci da Jamusanci da sauran harsuna, waɗanda mafi yawanmu ba za mu taɓa iya karantawa ba. Kuma a wannan babi akwai wuri guda da ba na gajiya da komawa gare shi, watau inda ya kawo bikin raya ganga na mutanen Altai, wanda ya samo daga Potapov, masanin Rasha. In an gama haɗa sabuwar ganga, ba a ɗauke ta a bakin kome ba tukuna. Sai a taru, shaman ya yayyafa wa icen giya, icen ya yi magana ta bakinsa, ya faɗi dajin da ya tsiro, da yadda aka sare shi aka kawo shi gari. Sa'an nan a yayyafa wa fatar, dabbar da aka feɗe ita ma ta ba da labarinta, tun daga haihuwa har ranar da maharbi ya kashe ta, ta ƙare da alkawarin za ta yi wa shaman hidima. Daga ran nan ganga ta zama mai rai a wurinsu. Shi ya sa a wurare da dama in shaman ya mutu a kan huda fatar gangarsa a rataye ta a itace kusa da kabarinsa. Bayyana abin da mutane suka gaskata daban, gaskata shi daban. Amma duk wanda ya karanta wannan ya san ba da abin kiɗan wasa ake magana ba.

To, daga nan ne ni da shi muka fara rabuwa.

Ginshiƙin bayaninsa shi ne wata bishiya da ke tsakiyar duniya, wadda ta haɗa sama da ƙasa da ƙarƙashin ƙasa. Ya kawo labarin wani shaman na mutanen Nganasan, can ƙarshen arewa, wanda a cikin mafarkin kiransa aka kai shi gindin bishiyar, mai bishiyar ya ba shi reshe ya yi ganga da shi. Daga wannan da makamantansa Eliade ya yanke hukunci cewa ma'anar ganga ta asali ita ce hawa sama: icenta na bishiyar tsakiya ne, saboda haka duk sa'ad da aka kaɗa ta, shaman ya koma gindin bishiyar ya hau. Sauran ayyukan ganga, kamar korar iskoki da ƙara, ko tara su a cikinta, ko duba, ya sa su a baya. Labarin yana da daɗi, amma labarin mutum guda ne daga kabila guda ƙarama. A cikin babin nan nasa ma ya nuna hanyar zaɓen ice ta bambanta: a wurin Selkup shaman ya kan rufe ido ya shiga daji da gatari, itacen da ya taɓa shi ke nan, a Altai iskoki ke gaya masa inda itacen yake ya aiki mataimaka, Yakut kuwa su kan nemi wanda aradu ta faɗa wa. Shi duk waɗannan rassan bishiyarsa ne. Ni kuwa ina ganin al'adu uku ne, kowace da dalilinta, kuma ba a tambayi masu su ba. Ga kuma Cukci, waɗanda Bogoras ya zauna a cikinsu: gangarsu ba zane a kanta, kowane gida da tasa, ranar biki kuwa maza da mata har yara su kan kaɗa. Ina bishiyar tsakiyar duniya a nan? Eliade bai taɓa zuwa Siberiya ba, bai taɓa zama ya ga an kaɗa gangar nan a wurin aikinta ba, kuma wannan ya nuna a rubutun. Za ka karanta babin ka ƙare ba ka san wa ke jeme fatar ba, ko me ake biyan masassaƙi, ko kwana nawa aikin ke ci.

Inda wannan aibi ya fi fitowa fili shi ne kan gangunan Sami, gama su ne aka fi sanin tarihinsu. Iri biyu ne. Na kudu, da ake kira gievrie, ice ne tanƙwararre kamar yadda na faɗa. Na arewa, goavddis, daga ƙullutun da kan fito a jikin itace ake fafe shi kamar akushi, a tsaga ramuka biyu a gindi su zama mariƙi. Fatar ta barewar nan ce mai ƙaho da rassa wadda suke kiwo, a ɗinke ta da jijiya. Zanen da ke kanta ja ne, da ɓawon wani itace da suke kira leaibi ake yinsa, a tauna shi har ya ba da ruwa mai kamar jini. A gangunan kudu rana ce a tsakiya da hannuwa huɗu, mutane da dabbobi da alloli na kewaye. A na arewa an raba fuskar hawa-hawa da layuka. Gular ta ƙaho ce. A kan ɗora zobe na tagulla ko ɗan guntun ƙaho a kan fatar a yi ta bugu, abin yana tsalle yana yawo, hoton da ya tsaya a kai shi ne amsa: ina za a nufa da garke, wa za a yi wa yanka, mara lafiya zai tashi ko kuwa. Ba noaidi kaɗai ke da ganga ba, magidanta da yawa suna da tasu don wannan duba. Watau aikin da Eliade ya mayar baya shi ne aikin yau da kullum.

Yanzu mu tambaya, ta wace hanya aka san ma'anar hotunan nan? A nan ne ya kamata mai sharhi ya yi taka-tsantsan. Gangunan da suka saura a duniya kimanin 70 ne, Ernst Manker ya bi su ɗaya ɗaya a cikin mujalladi biyu, na 1938 da na 1950. Kusan dukkansu na ƙarni na 17 da na 18 ne, kuma mafi yawansu ƙwato su aka yi. A 1693 an ƙone wani Basami, Lars Nilsson, a Arjeplog ta ƙasar Suwidin saboda ya ƙi rabuwa da addinin kakanninsa. Daga 1716 Thomas von Westen, ɗan mishan, ya yi ta yawo yana karɓe ganguna yana aikawa Kopanhagan, inda gobarar 1728 ta cinye da yawa daga cikinsu. Bayani mafi tsawo da aka samu daga bakin mai ganga da kansa shi ne na Anders Poulsen, wani tsoho tukuf da aka gurfanar a kotu a Vadso, arewacin Norwe, a watan Fabrairu na 1692. Ya kaɗa gangar a gaban alƙalai, ya bi hotunan yana fassarawa. Waɗansu ya ce aradu ce da barewar daji. Amma da yawa ya ba su sunayen Kirista, ya ce wannan Uba ne, wannan Ɗa, wannan Maryamu, wannan majami'a. Kafin a yanke masa hukunci wani ya sare shi da gatari yana tsare. To, shin tsohon nan gaskiyar abin da ya gaskata ya faɗa, bayan ɗaruruwan shekaru da mutanensa suka yi suna cuɗanya da Kirista, ko kuwa wuyansa yake ƙoƙarin fitarwa? Masana sun yi ta gardama. Ko wanne ne, magana ce da aka tatsa a gaban wuta, daga mutum sananne, a shekara sananniya. Wanda ya ɗauki irin waɗannan hotuna ya ce ga taswirar addinin farko na ɗan Adam, ya tsallake duk wannan. Gangar Poulsen ta zauna a hannun Danmak shekara 330. An ba da aronta ga gidan tarihin Sami na Karasjok a 1979, sai a 2022 aka sakar musu mallakarta. Haka kuma a Siberiya, cikin shekarun 1930, hukumar Sobiyet ta karɓe ganguna ta ƙona, ta ɗaure masu su.

Mu dawo gida. Eliade ya raba abu biyu: fitar ruhu, inda ran shaman ke barin jiki ya tafi sama ko ƙasa neman ran mara lafiya, da shigar iska, inda wani abu ke zuwa ya zauna a jikin mutum. Na farko shi ne shamanci na ainihi a wurinsa, na biyu kuwa abu ne na baya, wanda ko'ina ana samunsa. I. M. Lewis, a littafinsa na 1971, ya tsaya masa a nan, kuma da hujja. Ya koma ga Shirokogoroff, wanda ya zauna da Tungus ya buga bincikensa a 1935, ya nuna cewa su masu kalmar da kansu, shamansu mutum ne da ke shigar da iskoki jikinsa da gangan ya kuma mallake su. Ashe rabon Eliade bai zauna ba ko a gidan da aka haifi kalmar. Amma da Lewis ya rushe wannan katanga sai kalmar ta yi faɗi har ta haɗiye zar na Habasha da Sudan da borinmu, kuma ina zaton ta nan ta iso wurin ɗalibanmu.

Ni a ganina gangar ce za ta raba gardamar, kuma nahawu zai taimake mu. Yakut da Buriyat su kan kira ganga dokin shaman, a Altai kuma gula bulala ce. A bori ma akwai doki, wannan ne ke ruɗin mutane. Amma a duba wa ya hau wa. A can, mutum ne fa'ili: shi ya hau, ganga ce abin hawa, shi ke riƙe da linzami, ya je ya komo ya ba da labarin abin da ya gani. A nan kuwa mutum ne maf'uli. Mu kan ce iska ta hau shi. Namiji doki, mace goɗiya. Ɗan Galadima ko Sarkin Rafi ko Inna shi ne mahayi. A filin wasa ba dokin ke tafiya Jangare ba, mutanen Jangare ke zuwa. In an sauka, da atishawa, dokin ya kan ce bai san abin da aka yi ba, sai 'yan kallo su gaya masa. Kalma ɗaya ce, hawa, amma an juya ta gaba ta koma baya.

Abin kiɗan ma haka. Babban kayan kiɗan bori ba ganga ba ne. Kamar yadda Ames da King suka nuna a 1971, Besmer kuma ya faɗaɗa a 1983 daga abin da ya gani a Kano, garaya ce da buta, ko goge da ƙwarya, a cikin gida kuwa mata su kan yi da ƙwarya zalla. Mai kiɗan dabam, wanda ake hawa dabam. Makaɗi sana'arsa ke nan, ya san taken kowace iska da kirarinta, a yi masa kari, ya tashi da hankalinsa garau. Ba a yi wa garaya bikin rayawa, mutum ake yi wa girka. Gilbert Rouget, a littafinsa na 1980 kan kiɗa da fitar hayyaci, shi ya fi kowa gane wannan: shaman shi ke yi wa kansa kiɗa, wanda iska ke hawa kuwa yi masa ake yi. Kada in ɓoye abin da ke raunana maganata. Shaman na Tungus in abin ya kama shi sosai ya kan miƙa wa mataimaki gangar, gogaggen ɗan bori kuma, irin sarkin bori ko magajiya, yana da iko a kan lokacin da za a hau shi. Ba kuma kowane shaman ke da ganga ba. Baksi na Kazak da kobiz yake aiki, abin kiɗa mai tsarkiyar gashin doki da ake gogawa kamar goge. Duk da haka shi ke gogawa da hannunsa. Iyakar tana da ƙofofi, amma tana nan.

Wannan kuma ya isa amsa ga masu cewa sirrin yana cikin ƙarar gangar kanta. A 1961 da 1962 Andrew Neher ya buga sakamakon wani gwaji, ya ce bugun ganga a kai a kai na jan motsin ƙwaƙwalwa har mutum ya fita hayyacinsa. Rouget ya rushe wannan, mu ma da ido muna iya rushe shi. Mahauta na wuni da kalangu a kunne, manoma na gayya da gangar noma, ba wanda ke faɗuwa. Ga goge mai tsarkiya guda yana kayar da mutum, amma sai wanda aka girka, kuma sai an taɓo taken iskarsa. Abin da aka koya ne ke aiki, sauti alama ce. Amma maganar Neher ta auri ta Eliade, suka haifi abin da ake gani yanzu. A 1980 Michael Harner, Ba'amurke, ya fitar da littafin koyar da shamanci ga kowa, ba kabila, ba gado, ba ciwon kira, sai dai a kwanta a rufe ido a saurari bugu fiye da 200 a minti guda. Daga nan kasuwa ta buɗe. Yau ana sayar da "gangar shaman aikin hannu" ta intanet, waɗansu da hotunan Sami da aka kwafo daga Manker, waɗansu ma fuskarsu ta roba ce. Ban raina gwanintar masu yinsu ba, akwai masu kyau ƙwarai. Sai dai a ma'aunin mutanen Altai, abin da ba a tambayi icensa daga wane daji ya fito ba, ba a kuma ji ta bakin dabbarsa ba, bai zama ganga ba tukuna. Dabam ne da abin da jikokin masu abin ke yi, kamar Sami masu sassaƙa sababbin ganguna a yau, ko mutanen Tuba da suka kafa ƙungiya a Kizil bayan rushewar Sobiyet a 1991, suka sa mata suna Dungur, watau ganga da harshensu. Ko su ɗin ma wani abin daga littattafai da gidajen tarihi suke maido shi.

Saura abin da malami zai yi in kalmar ta zo masa a aji. Kada ya fassara ta da boka, gama boka da saiwa da ɓawo da duba aka san shi, ba lalle ne ya fita hayyacinsa ba, ba shi kuma da abin kiɗa. Kada ya ce ɗan bori, saboda dalilan da na kawo. A bar ta shaman, baƙuwa a matsayin baƙuwa, a faɗi ƙasarta duk sa'ad da aka ambace ta, a kuma faɗi kabilar in an sani. Jam'inta shamanai ya fi sauƙi a baki, bisa awon malamai. Sunan aikin kuwa na ga waɗansu na rubuta "shamananci", wannan nauyi ne a banza. Kalmar da ta ƙare da -an ba ta bukatar a maimaita mata gaɓa, -ci kaɗai ake liƙa mata, kamar yadda shaiɗan ya ba da shaiɗanci. Na so in sami wani misali ba wannan ba, don kada ɗalibi ya ɗauka da biyu na kawo shi, amma shi ne ya fi dacewa da awon, saboda haka shamanci za mu rubuta.